Yadda ake bin diddigin kifin samon da sitilhed a gidajen ƙyanƙyasa na Kogin Kolumbiya

A shekarar 1992 kifin sokai, wani nau'in samon, ɗaya tal ya dawo Tafkin Redfish da ke tsaunukan jihar Idaho a Amurka. Namiji ne. Ya yi iyo kusan kilomita 1,450 daga tekun Fasifik, ya haye madatsun ruwa takwas, ya iso bai tarar da mace ko ɗaya ba. 'Yar wani ma'aikacin gidan ƙyanƙyasa ta laƙaba masa suna Lonesome Larry, wato Larry marar abokin zama, ma'aikata kuma suka tatsi maniyyinsa suka daskarar don gaba. Ba a san labarinsa ba sai don akwai mai zuwa bakin tarko kowace safiya yana leƙawa yana rubutawa, har a ranakun da babu komai a ciki. Aikin wannan mutumin nake so in bayyana, daga farkon kaka har ƙarshenta.

Samon da ɗan'uwansa sitilhed a ruwan daɗi ake ƙyanƙyashe su. Su gangara teku su girma, bayan wasu shekaru su juyo su nemi rafin da suka fito. Samon na Fasifik, irin su cinuk da koho da sokai, da zarar ya yi ƙwai sai ya mutu. Sitilhed kuwa yana iya komawa teku ya sake dawowa. Da aka datse Kogin Kolumbiya sai hanyarsu ta lalace: an gama madatsar Bonneville a 1938, ta Grand Coulee kuma da ta biyo baya ko matakalar kifi, wato hanyar ruwa mai hawa-hawa da kifi ke bi ya haye madatsa, ba a yi mata ba. Don a rama asarar aka kafa gidajen ƙyanƙyasa, da kuɗin dokar Mitchell ta 1938, daga baya kuma da shirin diyya na ƙasan Kogin Snake, babban reshen Kolumbiya, da aka amince da shi a 1976. An daɗe ana auna nasarar waɗannan gidaje da miliyoyin 'ya'yan da suka saki, kuma wannan ma'auni ne mai ruɗi. Binciken da aka yi kan sitilhed na Kogin Hood a Oregon, wanda ya fito a 2007, ya nuna kifin da ya fito daga zuriyar kwami ba ya barin 'ya'ya a rafi kamar na daji. Ga shi dokar kare halittu ta hau kan cinuk na Kogin Snake tun 1992, ta hau kan sitilhed ɗinsa a 1997. Shi ya sa tambaya uku ce ke gaban mai bin diddigi: nawa suka dawo, ina suka nufa, kuma me suka yi wa na daji.

Kafin ka jiƙa hannu

Ka fara da takarda. Kifin da doka ta kare ba a taɓa shi sai da izini, kuma izinin yana faɗin iyakar adadin da za a kama da wanda aka yarda ya mutu a hannu. Ka karanta shi da kanka, kada ka dogara da abin da aka gaya maka a mota. Ka san kuma wa ke da ruwan da kake ciki, domin a wannan yanki ƙabilun asali irin su Nez Perce da Yakama da Umatilla da Warm Springs abokan tafiyar da aikin ne, da haƙƙin kamun kifi na yarjejeniya tun 1855.

Kayan aiki ba su da yawa: wandon roba mai haɗe da takalmi da ɗamararsa, allon awon tsawo mai milimita, sikeli, hantsaki, almakashi, sandar gano ƙarfe, na'urar karanta ƙwayar PIT (wata 'yar ƙwaya mai lamba da ake sa wa kifi a ciki), ma'aunin zafi, takardar da ruwa ba ya ci, da fensir. Ban da biro, tawadarsa tana narkewa. Wandon da takalmin a tsabtace su da maganin kashe ƙwayoyin cuta ko a daskarar da su kafin a kai su wani rafi, saboda akwai ɗan ƙaramin dodon koɗi da ya shigo daga New Zealand wanda ke maƙalewa a ɗinki, ga kuma cututtukan kifi da ke bin laka.

Abu na farko da za ka auna kullum shi ne zafin ruwa. Waɗannan kifaye na ruwan sanyi ne. In ruwa ya kai digiri 21 a ma'aunin Salshiyas, a bar manya su huta; tarkon madatsar Lower Granite da ke Kogin Snake ma a kan dakatar da shi a irin wannan zafi. Ƙanana kuwa tun kafin nan ake janye hannu. A lokacin zafi na 2015 ruwan Kolumbiya ya yi ɗumi har sokai masu ɗimbin yawa suka mutu a hanya ba tare da kowa ya taɓa su ba, balle a ce an ciro su an juya a kan allo.

A bakin tarkon manya

Nan ne zuciyar aikin, don haka zan daɗe a kai. Kifin da ya dawo yakan bi matakala ya shiga kwamin tarko na gidan ƙyanƙyasa, ko shingen da aka gitta a rafi ya karkatar da shi zuwa akwati. A duba tarko aƙalla sau ɗaya a rana, da sassafe, kafin rana ta ɗaga. A lokacin tururuwa a ƙara.

A raba aiki tun kafin a ɗago kifi na farko: mai riƙewa, mai aunawa da ɗibar samfur, da mai rubutu wanda hannunsa zai zauna a bushe. Mai aunawa ya faɗi adadi da ƙarfi, mai rubutu ya maimaita. Ƙarar famfo da ruwa tana sa a ji saba'in da shida a matsayin sittin da shida, kuma bayan wata uku babu mai iya gyara wannan.

A sa kifin cikin ruwan maganin barci har ya daina bugun wutsiya ya kwanta a gefe, amma marfin numfashinsa yana motsi a hankali. In MS-222 ake amfani da shi, a haɗa da bekin soda don yana sa ruwa tsami. Kuma a tuna kifin da ya sha wannan magani ba ya ciwuwa sai bayan kwana 21. Saboda haka wanda za a mayar kogin da masunta ke kamu, ko za a raba wa jama'a, da lantarki mai sauƙi ko iskar kabon ake kwantar da shi. Hannu a jiƙe, a tallafi ciki, kada a ɗaga kifi da wutsiya kaɗai.

Sai ka bi wannan jeri a kan kowane kifi, kada ka sauya shi ko da ka gaji.

Duba bayansa, tsakanin babban fiffiken baya da wutsiya. Akwai wani ɗan fiffiken kitse marar ƙaya. In babu shi kuma wurin ya warke sumul, kifin gida ne, tun yana ƙarami aka yanke. In yana nan, kada ka yi saurin rubuta na daji. Wasu shirye-shirye da gangan suke sakin kifi ba yanka don kada masunta su riƙe shi. A sitilhed, fiffiken baya da ya lanƙwashe ko ya cinye alama ce ta wanda ya girma cikin cunkoson kwami.

Shafa sandar gano ƙarfe a hancinsa, sama da gefe da gefe. In ta yi ƙara, akwai ɗan guntun waya mai lamba a ciki, tsawonsa milimita 1.1. Cire agogo da zobe tukuna, in ba haka ba duk kifin ranar zai zama mai waya. Daga nan ka bi jikinsa duka da na'urar PIT. Lambar da ta fito a bar na'ura ta adana, kada a kwafe da hannu in akwai yadda za a yi. Haruffa da alƙaluma ne a cakuɗe, kuskure ɗaya ya mayar da kifin wani daban.

Auna tsawo daga tsinin hanci zuwa tsagar wutsiya. A sitilhed na Kogin Snake wannan awo yana da nauyi, don a santimita 78 ake raba ƙanana da manyan da aka fi sani da Kogin Clearwater, irin waɗanda gidan ƙyanƙyasa na Dworshak ke renon zuriyarsu. Sannan jinsi. Namiji da ya kusa ƙwai haɓarsa takan lanƙwashe kamar ƙugiya, mace kuma kanta gajere cikinta a cike. Amma cinuk da ya iso da wuri, yana sheƙi kamar azurfa, ko gwani yana iya kuskure. In ba ka tabbata ba ka rubuta ba a tantance ba. Na fi son gurbi da aka bari a fili da cikon da aka yi da zato, domin wanda zai yi lissafi a ofis ba shi da hanyar gane wanne ne zato.

Ɓawon jiki ana cirarsa a wuri ɗaya: layi biyu ko uku sama da zanen da ya bi tsawon gefen kifi, a kan karkataccen layi daga ƙarshen fiffiken baya zuwa farkon fiffiken ƙasa na kusa da wutsiya. Nan ɓawo ya fara fitowa, don haka nan tarihin ya cika. Ɗaga shi ga haske. In tsakiyarsa ta yi hazo babu zobba, sabon toho ne bayan rauni, a jefar a ciri wani. Daga zobban nan ake karanta shekarun da ya yi a rafi da waɗanda ya yi a teku. Bayan haka a yanki ɗan fiffike kamar ƙwayar shinkafa don gwajin gado, a manna a takardar shanya samfur ko a jefa a sifirit mai ƙarfi, a goge almakashi kafin na gaba.

Ka rubuta raunuka: sawun raga, cizon zakin teku, farin naman gwari a kai, ƙugiya a baki. A ƙarshe ka rubuta inda kifin ya tafi, ko kwamin iyaye, ko sama da shinge, ko rabo. Wanda za a saki a riƙe shi cikin ruwa mai gudu, kai yana fuskantar ruwan, har ya fizge da kansa.

Lamba ɗaya ce za ta bi ɓawo da yankan fiffike da layin takarda. In ka ga ambulan ɗin ɓawo a hannunka ya wuce layin mai rubutu da ɗaya, a tsaya nan take a warware kafin a ɗago wani kifi.

Ranar tatsar ƙwai

Iyayen da aka ajiye ana duba su sau ɗaya ko biyu a mako. Macen da ta nuna cikinta yakan yi laushi, ƙwai ya zubo da ɗan matsi kaɗan. Masu ƙyanƙyasar tarwada a gida sun saba yanka namiji su tatsi mace da rai. A cinuk akasin haka ne, mace ake kashewa a tsaga cikinta, namiji kuma a matse shi. Ba asara ba ce tunda ko an bar ta mutuwa za ta yi. Sitilhed ne wani lokaci ake tatsa da rai.

Aikinka a ranar shi ne kada zuriya ta ɓace maka. Kowace mace da lambarta a bokiti, kowane namiji da tasa, a rubuta wa aka haɗa da wa. A ɗebi ruwan da ya fito tare da ƙwai don gwajin IHN, wata cutar bairos ta kifi, a yanki ƙoda don gwajin ciwon ƙoda na bakteriya. Ƙwan kowace mace a tirensa daban har sakamako ya fito, wadda cutar ta yi mata yawa a zubar da nata. Da an zuba ruwa a kan ƙwai da maniyyi a juya nan da nan, ƙarfin maniyyin bai kai minti ɗaya ba. Sannan a jiƙa ƙwan a ruwan aidin, kashi 100 cikin miliyan, yayin da yake shan ruwa yana tauri. Duk wanda sanda ta yi ƙara a kansa a yanke hancin, a sa a leda da takardar lamba a ciki, a kai firiza.

Kowane uba da kowace uwa a ɗauki yankan fiffikensu, ba tsallake. Tun wajen 2008 gidajen ƙyanƙyasa na yankin Kogin Snake suke yin haka, kuma amfaninsa babba ne: in an san gadon iyaye, duk ɗan da aka kama ko'ina bayan shekaru ana iya gano gidansu da shekararsa, ko da ba a taɓa sa masa alama ba. Uwa ɗaya da aka manta, 'ya'ya dubbai ne suka zama marasa asali.

Akwai jarabar da ya kamata ka tsaya a kanta: zaɓen manya masu kyan gani, ko cika kwami da waɗanda suka fara isowa don a gama da wuri. Wannan yana sauya zuriya a hankali. A ɗebi iyaye daga farkon dawowa har ƙarshenta, a haɗa su ba zaɓe.

Daga ƙwai zuwa kwami

Ƙwai da zafin ruwa yake tafiya. Ka tara digirin kowace rana: cinuk yakan ƙyanƙyashe in jimillar ta kai wajen 500, wato kamar kwana 50 a ruwa mai digiri 10. Daga kwana na biyu har idanu su bayyana, a bar tire kurum, girgiza kaɗan tana kashewa. In ido ya fito sai a zuba ƙwan daga wannan mazubi zuwa wancan da ɗan ƙarfi. Marasa rai su yi fari, a tsince, a ƙirga, a fitar da kason da ya rayu na kowace mace.

A kwami kuma, kullum a kwashe matattu a ƙirga, a auna oksijin a mashigar ruwa da mafitarsa. Ta mafita ce ke faɗin gaskiya. In ta sauka ƙasa da miligiram 7 a lita, a sanar da mai kula. Sau ɗaya a wata a auna tsawo da nauyi. Kada ka tsoma koma a bakin kwami ka ɗebi waɗanda suka taso neman abinci, su ne ƙarfafa. A tattaro kifin duka wuri ɗaya da raga sannan a ɗiba daga tsakiya. Ka lura da bambancin girma, musamman a sitilhed, domin ƙananan da ba su kai ba sukan ƙi tafiya teku su zauna a rafi suna cin abincin na daji.

Sa alama

Yankan fiffiken kitse da harba waya a hanci yanzu akasari inji ne ke yi a cikin tirela, dubbai a awa. Naka shi ne duba ingancinsa: ka ware wasu, bayan kamar wata guda ka ga nawa wayarsu ta faɗi, nawa yankansu bai fita ba. Ba tare da wannan adadi ba duk lissafin dawowa zai karkace.

Ƙwayar PIT da hannu ake sa ta. Kwalba ce 'yar mitsitsiya mai milimita 12, ba ta da batir, kowace da lambarta. A hana kifin abinci kwana ɗaya ko biyu. Wanda bai kai milimita 65 ba a bar shi. A kwantar da shi, a soka allura a ciki, ɗan gefe da tsakiya, bayan ƙarshen fiffiken ƙirji, a kwance ba a tsaye ba, iya yadda bakin allurar zai shige. A tura ƙwayar, a karanta, a auna, a mayar ruwa. Duk wanda ya mutu ko ya zubar da ƙwayarsa kafin saki a cire lambarsa daga fayil. Sauran lambobin a aika PTAGIS, rumbun bayanan ƙwayoyin PIT na yankin. Daga ranar, duk madatsar da kifin ya bi ta kusa da na'urar karatu za ta rubuta rana da sa'a, yana gangarawa da kuma yana dawowa.

Saki da tarkon juyi

In bazara ta zo, wajen Afrilu, 'ya'yan sukan sauya kama. Zanen yatsu da ke gefensu ya dushe, jiki ya koma azurfa, ɓawo ya riƙa fita da sauƙi. Sun shirya wa ruwan gishiri ke nan. A rubuta ranar saki, sa'a, wuri, zafin ruwa, ƙarfin kogi da adadi.

A ƙasa da wurin akan girka tarkon juyi, wani babban mazurari a kan kwale-kwale biyu wanda ruwa ke juyawa yana tura kifi cikin akwati. Ba ya kama kowa, don haka sai an san kason da yake kamawa. A ce ka rina kifi 500 ko ka sa musu alama, ka kai su sama da tarko ka saki da magariba, lokacin da suka fi tafiya. A ce 60 suka sake faɗawa. Tarkon yana kama 12 cikin 100 ke nan. In a wannan mako ka kama marasa alama 2,400, waɗanda suka wuce sun kai wajen 20,000. Amma da ruwa ya ƙaru ko ya ragu, kason ya sauya, sai an sake gwaji. Ranar ambaliya ka riƙa kwashe itace da ganye dare da rana, ko ka ɗage mazurarin. Akwati da ya cika da shara niƙe kifi yake. Kada kowa ya hau tarkon nan shi kaɗai, ko ba rigar ceto.

Yawon rafi

Ba duk kifin gida ke komawa gida ba. Wasu sukan wuce su yi ƙwai tare da na daji, kuma ba a sanin yawansu sai an taka. Ga cinuk na bazara, Agusta da Satumba ne lokacin. Mutum biyu su bi rafi da tabarau mai kashe ƙyallin ruwa, suna neman gurbin ƙwai: wuri mai haske a tsakuwa inda mace ta share da wutsiya, rami a sama, tudu a ƙasa. Ƙwan yana cikin tudun, kada ka taka. A ɗauki wurin da GPS, a ɗaura ƙyalle a reshe da kwanan wata don kada a sake ƙirga shi mako mai zuwa. Ramin gwaji da mace ta fara ta bari ba shi da cikakken tudu, ba a sa shi a lissafi.

Kowace gawa a ciro ta, duk warinta. A duba fiffiken kitse, a shafa sanda, a karanta PIT. Tunda hanci da wutsiya sun lalace, daga ido ake aunawa zuwa ƙarshen ƙashin baya. Mace a tsaga cikinta: in ƙwai na nan cike, ta mutu ba ta yi ba, kuma wannan labari ne mai muhimmanci, sau da yawa na ruwan zafi. A gama a datse wutsiya a mayar da gawar rafi, abinci ce ga ƙwari da 'ya'yan kifi. A yi ta magana da ƙarfi a hanya, beyar ma gawar take nema.

Daga gawar nan ake fitar da kason 'yan gida a wurin ƙwai. In cikin 80 ka sami 20 masu yanka, 25 cikin 100 ne. Kwamitin masana da ya duba gidajen ƙyanƙyasa na yankin ya ba da shawarar kada ya wuce 5 cikin 100 a rafuka mafi muhimmanci in zuriyar gidan a ware take, ko 30 in ana gauraya ta da iyayen daji. Sitilhed ya fi wuya. Yana ƙwai a bazara cikin ruwa mai yawa da laka, kuma ba ya barin gawa sosai, don haka an fi dogara da shinge da wayoyin karanta PIT da aka shimfiɗa a ƙasan rafi.

Da maraice

Kada takarda ta kwana ba a duba ba. Wanda bai yi rubutun ba shi zai bi layi-layi, yana gwada yawan ambulan da leda da yawan layuka. A ɗauki hoton kowane shafi, a shigar da shi kwamfuta tun ana tuna abin da ya faru. Ranar da aka duba tarko ba a sami komai ba a rubuta sifili, ranar da ba a duba ba a rubuta ba a duba ba da dalili. Abubuwa biyu ne daban, kuma haɗa su yana rage ko ƙara kifin da babu shi.

Sakamakon ba ya zuwa da wuri. 'Ya'yan cinuk da ka saki bana sai nan da shekara ɗaya zuwa uku za su gama dawowa, sannan a fitar da kason waɗanda suka dawo cikin waɗanda aka saki. Majalisar kula da lantarki da kare halittu ta arewa maso yammacin Amurka ta sa burin 2 zuwa 6 cikin 100 ga kifin Kogin Snake da saman Kolumbiya, kuma shekaru da yawa ba a kai ko na ƙasan ba. Mai yiwuwa wanda zai yi wannan lissafi bai taɓa ganinka ba, takardarka kawai zai gani, don haka ka sa cikakken sunanka da na abokan aikinka a saman kowane shafi, ka bayyana duk wata gajeriyar alama da ka ƙirƙira. Sannan ka tabbata ledojin hanci suna firiza, samfurin fiffike yana shan iska a inuwa, na'urar PIT tana caji, wandon roba kuma an juya cikinsa an rataye.